Tsaron Gandun Daji: Sana'ar Da Ba A Cika Yi Wa Ɗa Fatanta Ba

Idan aka tara iyaye a kowane gari na ƙasar Hausa aka tambaye su irin aikin da suke roƙa wa 'ya'yansu in sun ƙare karatu, to, za a ji likita, a ji alƙali, a ji injiniya da hafsan soja, wani ma ya ce shi dai a bar masa nasa ya gaje shi a kasuwa, amma da wuya a sami wanda zai buɗe baki ya ce yana fatan ɗansa ya zama ma'aikacin gandun daji. Wannan kuwa ba abin zargi ba ne ga wanda ya san yadda al'amarin ya faro, domin tun zamanin En'e abin da talaka ya sani game da malamin daji da dogarawansa shi ne, mutane ne da kan tare shi a bakin hanya su karɓe masa gatari, su ci shi tara saboda ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonar ubansa, kuma yaron da ya tashi yana jin irin wannan labari a bakin kakansa ba a sa ran ya ɗauki sana'ar da wata daraja. Duk da haka ina ganin ya kamata a sake duban lamarin da idon basira, gama aikin yana da asali a shari'a, yana da ilmi mai zurfi, ana cin halal da shi, kuma abin da ya fi kome wuya a cikinsa, saɓanin zaton mafi yawan jama'a, ɗan Adam ne, ba zaki ko giwa ba.

Turawa sukan ƙirga mafarin wannan aiki daga shekarar 1872, lokacin da Amurka ta keɓe gandunta na farko, amma ɗalibin fiƙihu ya san cewa fiye da shekara dubu kafin nan Musulunci ya san abin da malamai ke kira hima, watau filin da shugaba ke hana a mallake shi ko a nome shi domin maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u a ƙasar Madina domin dawakin Musulmi, ya kuma haramta sare itatuwan haramin Madina da farautar namunsa kamar yadda abin yake a Makka. Da halifanci ya zo hannun Sayyidina Umar, sai ya naɗa wani 'yantaccen bawansa mai suna Hunayyu ya kula da hima, kuma wasiyyar da ya yi masa, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, ta cancanci a karanta wa duk wanda za a ba wannan aiki tun ranar da za a ba shi kaki. Ya umarce shi da ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, amma ya tsare garkunan attajirai irin su Abdurrahman ɗan Aufu da Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun halaka ba shi da inda za shi sai ƙofar Halifa, da 'ya'yansa biye da shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, Umar bai ɓoye ba cewa masu ƙasar suna ganin an zalunce su, bai kuma ce kukansu na banza ne ba, iyaka dai ya bayyana cewa larura ce ta sa ya keɓe wurin.

Gaskiya ne himar wancan zamani domin dabbobin zakka da na jihadi aka yi ta, amma ƙa'idar ɗaya ce da ta gandun namun jeji, watau a hana mutum amfanin yau domin a tsare wa jama'a amfanin gobe, tare da kiyaye haƙƙin mai rauni. Shi ya sa malaman Malikiyya suka gindaya sharuɗɗa, cewa shugaba ne ke keɓewa, sai da buƙata, kada wurin ya yi faɗin da zai ƙuntata wa mutane, kuma ya kasance inda babu gini babu shuka. A nan ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi, Ta'alimur Radi, a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba ta da mai ita, kuma kakanninmu sun san hurumin gari, da burtali, da mashaya, waɗanda in wani ya kuskura ya sa musu garma sai ya tsinci kansa a gaban alƙali.

To, bari mu je inda ake yin aikin a yau, domin gani ya kori ji. Gandun Yankari yana ƙasar Bauchi, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sa'an nan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Galibin masu zuwa can ruwan Wikki ne ke kai su, wannan marmaro mai ɗumi da zafinsa ba ya sauka daga wajen digiri 31 ko da sanyi ko da bazara, su yi wanka, a zaga da su a mota su ga bika da gadu da gwambaza, su koma gida. Amma ruhin gandun shi ne Kogin Gaji, wanda ke ratsa tsakiyarsa, inda ɓauna da gwanki da kanki da mazo ke taruwa in rani ya yi tsanani, kuma a nan ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya yake, wanda ake ƙiyasta shi tsakanin 100 da 150, tare da 'yan zakunan da ba su taka kara sun karya ba. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda dā suke nan, sun riga sun ƙare. Wannan daji kuwa ba shi da katanga ba shi da waya, ƙauyuka ne da gonaki da rugage kewaye da shi ta kowace fuska, saboda haka abin da ke tsakanin waɗannan giwaye da halaka bai wuce ƙafafun 'yan mutanen da ke sintiri a cikinsa ba.

Shi sintirin nan, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar, ba yawon shan iska ba ne. Mota takan sauke 'yan mutane kaɗan a wani lungu na daji da bindigoginsu da guzurinsu da abin shimfiɗa, su yi kwanaki, wani lokaci mako guda ko fiye, suna tafiya a ƙasa, da damina cikin ciyawar da ta fi tsayin mutum da cizon tsando, da bazara cikin zafin da ke sa ruwan gora ya zama kamar an sauke shi daga murhu. Suna tafe suna karanta ƙasa: wannan sawun takalmin roba ne ya shigo jiya da dare, wannan tokar wutar da aka yi bandar nama ce, ga tarkon waya an ɗana a hanyar mashaya, ga ungulaye suna shawagi a wuri ɗaya, lalle akwai mushe. Duk abin da suka gani sai su shigar da shi cikin wata 'yar na'ura da ke nuna daidai inda suke a bisa taswira, in sun komo a zuba a kwamfuta, ta yadda shugaban aiki zai san inda aka taka da inda ba a taka ba, da inda ɓarna ta fi yawa, ya tura sintirin gaba can. Wannan na'ura, in za a faɗi gaskiya, tana tsare dajin daga mafarauci, tana kuma tsare shi daga malalacin ma'aikaci da zai kwanta a gindin tsamiya ya dawo ya ce ya zaga ko'ina. Da kaka kuma akwai aikin wuta, domin sukan riga su ƙone wasu sassa tun ciyawa tana da sauran danshi, saboda kada gobarar tsakiyar rani ta zo ta cinye har manyan itatuwa. In an kama mai laifi kuwa aiki bai ƙare ba, sai rubuta bayani, da adana shaida, da tsayuwa a gaban kotu, kuma da yawan shari'o'in da suka lalace ba rashin jarunta ya lalata su ba, rashin iya rubuta rahoto ne.

Akwai wata hikima da masu gandaye da yawa a Afirka suka gano, ita ce ɗaukar tsofaffin mafarauta aiki. Maharbin da ya yi shekara ashirin yana bin sawun gwanki ya san lokacin shan ruwansa da inda yake lasar kanwa, ya san ta inda iska ke kai warin mutum, ya kuma san hanyoyin da abokan sana'arsa na dā ke bi, kuma wannan ilmi ne da babu jami'ar da ke ba da shahada a kansa. In aka haɗa shi da saurayi mai takardar makaranta, ɗaya ya karanta ƙasa ɗaya ya karanta taswira, sai a sami abin da ake nema, muddin dai saurayin bai zo da girman kai ba.

Amma fa mafarauci, duk da bindigarsa, shi ne mafi sauƙin hukunci a cikin mutanen da ma'aikacin daji ke haɗuwa da su, domin laifinsa a fili yake. Mai wuyar sha'ani shi ne makiyayin da ya koro shanunsa cikin gandu a ƙarshen rani, alhali burtalin da kakansa ya bi an nome shi, fadamar da ya saba sauka an mai da ita lambu, yana hangen ɗanyar ciyawa a bakin Gaji shanunsa kuwa suna faɗuwa. Doka ta ce a kama shi, kuma da hujja, gama shanu suna cinye abincin namun jeji, suna iya sa musu cuta, kuma in zaki ya kashe saniya sau da yawa akan zuba wa mushen guba, zakin ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta mutu. Haka nan manomin da ke bakin iyaka, wanda ya yi wata huɗu yana wahala a gonar dawa ko masara, garken giwa ya shigo a dare ɗaya ya bar masa kara, gama giwa guda takan ci abin da ya kai kilo 150 a yini. Wanda zai tsaya a gaban wannan bawan Allah da safe ya yi masa wa'azin cewa giwa dukiyar ƙasa ce, alhali shi yana tunanin abin da iyalinsa za su ci har wata kakar, to, bai san aikinsa ba. A nan ne wasiyyar Umar ga Hunayyu ke dawowa da ƙarfinta.

Abin da aka yi a Yankari game da wannan ya isa misali. Wata ƙungiyar Amurka da ake kira WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniya da Gwamnatin Bauchi a 2014 domin taya ta tsaron gandun, ta sa an ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, ta yadda za a san inda garke ya dosa, kana ta ɗauki mutane daga ƙauyukan da ke kewaye ta ba su wayoyi su zama masu gadin giwa, in garke ya nufo gonaki su sanar, a taru a kore shi tun bai yi ɓarna ba. Aka gyara biyan kuɗin sintiri da guzuri, aka ƙara horo, sai ga shi bayan shekarar 2015 an yi shekaru ba a sami gawar giwar da aka kashe domin haure ba, alhali kafin nan kusan kowace shekara sai an samu. A ƙasar Kenya kuma an gano cewa giwa, duk girmanta, tana tsoron zuma, har manoma suna jera amya a kewayen gona, su kori giwa su kuma sha zuma. Irin waɗannan dabaru ba daga bakin bindiga suka fito ba, sun fito ne daga mutanen da suka zauna a kan tabarma da masu gonakin suka saurare su.

Ba zan ɓoye wa saurayin da ke karanta wannan ba cewa sana'a ce da ake mutuwa a cikinta. A gandun Zakuma na ƙasar Cadi, mahara a kan dawakai sun rage giwaye daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa wajen 450 a 2010, kuma a watan Satumba na 2012 suka auka wa wani sansanin masu gadi a Heban suna cikin sallar asuba, mutum shida suka salwanta. A gandun Birunga na Kwango an kashe ma'aikata fiye da 200. A Yankari ma an binne waɗanda mafarauta suka harbe, Allah ya jiƙansu. Amma wanda ya ce tun da haka ne gara a janye a bar daji da halinsa, sai ya dubi Sambisa, wadda asalinta gandun namun jeji ce, ya dubi Kamuku ta Birnin Gwari, ya ga abin da ke shiga daji in hukuma ta juya masa baya, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita Zakumar kuwa, bayan ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da ita a 2010, ta kyautata horo, ta kuma raba wa ƙauyuka rediyon sadarwa domin su riƙa ba da labarin mahara, waɗanda dā ma su kansu suke cuta, sai giwaye suka koma haihuwa, har suka haura 550 a 2018.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka duk wanda ke wannan sana'a mai kaki ne da bindiga. Akwai likitan dabbobi da ke sumar da giwa a ɗaura mata abin wuya, akwai mai zana taswira da hotunan tauraron ɗan Adam, akwai lauya, akwai jami'in kwastan da ke gane haure a cikin kwantena, irin wanda aka tara har Nijeriya ta niƙe wajen tan biyu da rabi a Abuja a watan Janairun 2024. Akwai kuma masanin da aikinsa ƙirga ne kawai, kuma dausayin Haɗeja da Nguru ya nuna amfaninsa. A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Kogin Yobe su nufi Tafkin Cadi, kuma a nan tsuntsaye dubbai daga Turai ke sauka su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya, har aka sa tafkin Nguru cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke raya wurin ta ragu, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga uku. Masu ƙirga tsuntsaye kowane Janairu da masu auna ruwa su ne suka riƙe hujja a hannu, kuma wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa kifi da itace da noma, bisa ga wanda aka tare domin manyan gonakin rani. Ashe mai kare mazaunin tsuntsu, ko ya sani ko bai sani ba, abincin masunci yake karewa.

A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai darussa biyu da suka rushe zaton cewa ba a tsare daji sai an kori mutane. Na farko raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, waɗanda su kaɗai suka rage daga irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a 1996 ba su fi 49 ba. Ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo, suna cin wake suna tsinkar mangwaro, amma da aka hana kashe su, aka taimaki ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan basussuka, samarin wurin suka zama jagororin baƙi suna samun abin sawa a baka, sai suka haura 600, har aka ɗebi takwas a 2018 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ko a nan ɗin ma ba a tsira daga musiba ba, domin a watan Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, cikinsu har da shugaban jagororin.

Darasi na biyu ya fi kusa da mu, kuma a ganina ya fi girma. A farkon shekarun 1980 ƙasar Maraɗi ta zama fako, an yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai wani ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, sai itace ya tashi ba shuka ba ban ruwa. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Amma dabarar kaɗai ba ta isa ba, domin muddin itace na gwamnati ne, kuma wanda ya taɓa shi tara ce, to, hankali ya ba manomi ya tumɓuke shi tun yana ƙarami ya huta da ma'aikacin daji. Sai da hukuma ta sassauta, manomi ya sakankance cewa gawon da ya raina nasa ne, shi zai ci inuwarsa da takinsa dabbobinsa su ci 'ya'yansa, sa'an nan abin ya bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Babu rundunar dogaran daji da za ta iya tsare ko da ushirin wannan.

Wanda zuciyarsa ta karkata ga wannan aiki, ƙofofin karatunsa a buɗe suke. A Sabuwar Busa, kusa da gandun Kainji, akwai kwalejin tarayya da aka kafa musamman domin ilmin kula da namun jeji, a Jos akwai ta ilmin gandun daji, kuma jami'o'i irin su Bayero ta Kano da ta Maiduguri da Modibbo Adama ta Yola suna da sassan wannan fanni. Mai digiri da ke son zurfafawa yana iya neman cibiyar binciken tsuntsaye ta Lebentis da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma ɗalibanta sun bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma. Ɗan Nijar yana da makarantar raya karkara ta Kollo, masu jin Faransanci kuma suna da makarantar Garwa a Kamaru tun 1970, kamar yadda masu Turanci ke da ta Mweka a Tanzaniya tun 1963. Masu ɗaukar aiki su ne Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, da ma'aikatun jihohi, da hukumar da ke kula da shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, da ƙungiyoyin kare daji irin su NCF da WCS, da ANI mai aiki a Gashaka-Gumti, gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya.

Albashin dai, a gaskiya, ba na tara dukiya ba ne, musamman a ƙananan matakai da gandayen jihohi, kuma wannan aibi ne babba a kan masu mulki, domin wanda ka ba bindiga ka ce ya tsare haure da madobiya, itacen da aka yi ta kwashewa daga Taraba zuwa Sin, sa'an nan ka bar shi yana bin bashin hatsi, to, kai ka buɗe wa shaiɗan ƙofa, in ya karɓi cin hanci kuna da rabo a zunubin. Wajibi ne kuma a tanadi abin da za a ba iyalin wanda ya mutu a bakin aiki, ba a bar su da ta'aziyya kawai ba. Mata ma suna da gurbi, kuma ba na alfarma ba. A Afirka ta Kudu da Zimbabuwe akwai rundunonin tsaron daji na mata zalla, mu kuwa ko ba a kai nan ba, mata ne ke ɗebo itacen girki su tsinci kaɗanya da ɗorawa, kuma a gidajen da ba a shiga, ma'aikaciya ce kaɗai za ta zauna da su ta ji ta bakinsu, ta nuna musu murhun da ba ya cin itace da yawa.

A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma a kan bakwai da ake da su a lokacin, cikinsu akwai Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da dausayin Haɗeja a Jigawa, kuma ko ba jima ko ba daɗe za a buƙaci masu tsaronsu. In 'ya'yan yankin ba su yi karatun ba, za a kawo waɗanda ba su jin harshen ƙauyukan da ke kewaye, a koma gidan jiya na karɓe gatari. Wanda ake nema shi ne mai Hausa a baki, in da hali da Fulatanci, mai iya karanta taswira da rubuta rahoto, mai juriyar tafiyar ƙasa, wanda zai iya zama a zauren dagaci a zage shi saboda ɓarnar giwa bai tashi ba har sai an gama. Saurayin da ke son ya gwada kansa kafin ya cika takardar makaranta, ya nemi zuwa Yankari tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta kwanta namun suka sauko Gaji, kuma in ya fito daga wankan Wikki ya nemi ɗaya daga cikin masu sintirin da suka komo, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi kwana nawa suka yi, me suka ci, kuma yaushe aka biya su.